Zarton da Babana Ya Bari

Ran kasuwar Tambuwal da ta wuce ruwa ya tare ni a rumfar masu sayar da fata. Warin jiƙaƙƙiyar fata kuwa ka san shi, ba mai sonsa, kowa toshe hanci yake. Ni sai na tsinci kaina ina murmushi, har mai rumfar ya fara kallona kamar wanda ya zautu. Bai san warin nan ƙauyenmu ya mai da ni ba, can yankin Kebbe, shekarar da nake ɗan sha biyu.

A hannun Kaka na tashi, mahaifin babana. Babana ya rasu ina ɗan shekara huɗu, kuma a tafiyarsa ta ƙarshe zuwa ci-rani ya zo wa Kaka da tsarabar ruwan zarto, dogon ƙarfe siriri mai haƙora, ba ƙota ba komai. Kaka ya shafe shi da man gyaɗa, ya naɗe a tsumma, ya soke a rufin ɗaki. Shekara takwas yana nan. Kowa a gidan ya san abin da ƙarfen nan yake a wurin tsohon, ko Inna, mahaifiyata, ba ta kai tsintsiya kusa da shi.

A farkon daminar nan iska ta kayar da wata babbar ƙirya a bakin gonarmu. Kaka ya sa gatari kwana biyu, gatari yana ta dawowa. Rana ta uku ya sauko da tsumman nan ya ce a yi wa zarto gida.

Ni da shi muka yi aikin. Ya saro marke, ya fafe sanda biyu da gizago, kowace tsawon kamu ɗaya da rabi, sannan ta uku da za ta gitta tsakaninsu. Ya ƙwaƙule rami a cikin kowace ta gefe, ya zura kan ta tsakiyar ba tare da ƙusa ba. Ni ke hura wuta ina gasa ƙusa, shi yana huda da ita inda ƙarfen zai zauna a ƙasa. A sama kuma ya zagaya ƙiri, igiyar nan ta ɗanyar fatar shanu da muke ɗaure bijimi da ita, don mu gidan masu shanu ne, ba mu yarda da wata igiya ba sai ita. Ya soka ɗan tsinke tsakanin igiyar yana murɗawa. Igiya na jawo kawunan sandunan, ƙarfe na miƙewa a ƙasa, har ya ɗana shi da farce ya yi ƙara. Sai ya tokare tsinken a jikin sandar tsakiya.

Tsinken ne ya ba ni dariya. Duk marken da ke gabansa, sai ya ɗauko busasshen reshen dogon yaro. Na ce, "Tsoho, rowar taka har ta kai ga itacen daji?"

Ya ce, "Kai dai hura wuta, ja'iri. Kuma in an gama aiki a sassauta igiya, kak ka mance."

Mako guda muna yankan ƙiryar nan, shi a gefe ni a gefe. Kaina ya fara girma. Wata safiya Kaka ya tafi gaisuwar rasuwa, na saci jiki na ɗauki zarto, wai in yanko wa Inna itacen girki ta san ta haifi namiji. Ina cikin yanka aka sako ruwa. Ƙiri ya jiƙe ya saki, ƙarfe ya fara lanƙwasa. Na murɗa tsinke, ya sake saki, na ƙara murɗawa. Ban ƙirga ba, amma na murɗa har hannuna ya yi ja. Na dawo gida na rataye shi a jikin rumbu yadda yake, ban sassauta ba. Ɗan gidan shanu ne ni, na san fata in ta bushe tsukewa take yi, amma ɗoki ya mantar da ni.

Hadari ya washe, rana ta buɗe da ƙarfinta. Wajen hantsi ina cin ɗumame na ji ƙara daga bayan rumbu, kamar an karya ƙashi. Na leƙa na hango sanduna a warwatse, igiya a kwance, ƙarfe a cikin laka. Ban ƙarasa ba. A raina na gama yanke hukunci, na karya abin da babana ya bari. Na tsallake danga na yi fadama.

Can na wuni a cikin rake. Ba duka nake tsoro ba, Kaka bai taɓa dukana ba. Fuskarsa nake tsoron gani. Na yi kuka har na gaji, sauro ya yi biki a kaina, da la'asar yunwa ta koro ni gida.

Na tarar da shi a bakin zaure, ƙafafunsa duk laka har gwiwa. Zarto na kan cinyarsa a haɗe, ƙarfe lafiya lau, yana fiƙe sabon tsinke. Ashe tsinken ne kawai ya karye, igiya ta warware, gida ya wargaje kafin ƙarfin ya kai ga ƙarfe. Na zauna a ƙasa. Ban taɓa jin sanyi a zuciya irin na ranar ba.

Ya ce, "Ka ga rowata yanzu? Tsinke shina nan ko'ina, shi aka bari ya karye." Ya kalli lakar ƙafarsa. "Abu biyu ubanka yab bar min. Tun azahar nika yawo cikin gonaki ina neman guda, kuma ba ƙarfen ba ne."

Yau ba mai yi wa zarto gida a ƙauyenmu. Masu injin yanka itace kan zo a babur, abin da muka yi mako muna yi su gama kafin a sauke tukunya, marke da ƙirya kuma sai ka yi tafiya mai nisa kafin ka ga ɗaya. Zarton ya biyo ni Tambuwal bayan rasuwar Kaka, na yi ta aiki da shi har haƙoransa suka cinye. Bara ina yanke reshen mangwaro ya karye biyu a hannuna. Na tsaya riƙe da shi ina jiran tsoron nan na dā ya zo, bai zo ba. Na ajiye gutsattsarin, na shiga cikin gida na ce a kira mini 'ya'yana, na zaunar da su a gabana na yi ta kallonsu.