Hoton Kaka a Bakin Rijiya

Har yau in na ji warin jiƙaƙƙiyar fatar guga, rijiyar kakana nake tunawa, can arewa da Gangara. Shi ya haƙa ta yana saurayi, ya kafa mata gwafa biyu, ya ƙona lambar dabbobinmu a jikin ta dama: zane uku da ɗigo. A wajenmu mai rijiya ke fara shayarwa, saura su biyo baya.

Shekarar da ruwan sama ya ƙi, ɗan mai gari ya sa aka tumɓuke gwafar nan aka kafa sabuwa. Ya ce rijiyar ta gidansu ce, Kaka ƙwadago kawai ya yi. A gaban dattawa Kaka ya ce wani Nasara ya taɓa ɗaukarsa hoto yana jingine da gwafar.

"To Baba," in ji ɗan mai gari, "aika ƙasar Nasara a kawo maka."

Aka kwashe da dariya. Daga ranar yara suka laƙaba masa Mai Hoto. Dabbobinmu suka koma na ƙarshe, su sha laka rana tsaka, ina tsaye riƙe da igiya. Kaka ya daina zuwa rijiya, bai kuma ƙara damina biyu a duniya ba. Na tsani ɗan mai garin nan, ba zan ɓoye muku ba.

Bara 'yata da ke karatu a Damagaram ta nuna mini a waya tsofaffin hotunan yankinmu na Damargu da wani ɗakin karatu ya zuba a intanet. Muna ta wucewa, raƙuma, rumbuna, sai ga saurayi mai guntun yatsa a hannun hagu. Kaka ne, na san yatsan nan nasa. Ba su rubuta sunansa ba, amma lambarmu na nan a gwafa, raɗau.

Na sa aka wanke hoton babba, na jira ranar kasuwa. Na tarar da ɗan mai garin a rumfarsa, ya tsufa, ya makance, na miƙa masa hoton.

"Ɗiyata, ai ba na gani," in ji shi.

"Jikokinka suna gani," na ce.

Babban cikinsu ya duba, ya faɗa a gaban jama'a: zane uku da ɗigo. Ba wanda ya yi dariya.

Yanzu an kawo famfo mai aiki da hasken rana, rijiyar ta cika da rairayi, babu mai jiran wani. Ana ce mini in yafe, tunda ba abin da zan karɓo. Ni dai hoton na rataye a rumfar da ke kallon tasa. Duk ranar kasuwa nakan durƙusa gaban makahon da ladabi, in ce, "Baba, Mai Hoto na gaishe ka."