Ranar da Intanet ta Kawo wa Yayana Ciniki

Yayana ɗan kasuwar riɗi ne a Azare, kuma yana zaman lafiya da sana'arsa har aka gayyace shi wani taron bita a Bauchi. Daga can ya dawo da jaka mai tambari da sabuwar aƙida: duk ɗan kasuwar da ba ya intanet, gawa ce ba a rufe ba.

A lokacin akwai shagon intanet kusa da tasha, na wani Inyamuri da ya daɗe a garin har ya fi wasunmu iya ciniki da Hausa. Oga muke ce masa. Ni ina koyarwa a firamare, don haka Yaya ya ɗauke ni mai buga masa Turanci. Muka buɗe masa shafi a dandalin sada zumunta. Don hoton da za a ɗora, sai da ya sa babbar rigarsa ta Sallah, ya tsaya gaban buhuna yana kallon sama kamar mai neman kujerar majalisa.

Abokai suka yi ta zuwa. Akwai wata Baturiya da ta ce murmushinsa ya burge ta, akwai wani da ke son a taya shi kwashe gadon mahaifinsa. Mai tambayar riɗi dai babu.

"Haƙuri za ka yi," in ji Yaya. "Mai bita ya ce sai an gina suna tukuna."

Bai tsaya nan ba. Ya jawo abokan sana'arsa, wani Alhaji daga Giade da wani daga Shira, ya ce su kafa rukuni a intanet don sanar da juna farashi. Ranar taron farko duk suka hallara a shagon Oga, suka jera kafaɗa da kafaɗa, kowa da kwamfutarsa. Janareto na kuka, layi na tafiyar hawainiya. Alhajin Giade ya ɗauki lokaci yana farautar haruffa da yatsa ɗaya, sannan ya juya ya dubi Yaya.

"Alhaji, saƙona ya iso?"

"Bai iso ba tukuna."

"To, cewa na yi riɗi ya tashi a Giade."

"Kada ka faɗa mini da baki mana! Bari ya iso."

Da saƙon ya iso, Yaya ya karanta, ya jinjina kai, ya ce, "Ikon Allah! Riɗi ya tashi a Giade." Oga ya tashi ya fita waje, wai zai duba mai a janareto. Ta taga na hango kafaɗunsa na rawa.

Tun daga nan Yaya ya koma rufe rumfarsa da azahar ya tafi wurin da yake kira ofis. Ana haka sai ga saƙon gaske: wani dillali a Kano ya ga shafin, yana son riɗi mai yawa, zai zo ran kasuwa. Yaya ya kusa rungume kwamfutar.

Ran kasuwa tun da hantsi ya garƙame rumfa ya dasa kansa a shagon Oga, don a ganinsa wanda ya zo ta intanet ta intanet zai yi sallama. Shi kuwa Bakano motar haya ya hawo kamar kowa, ya tambayi layin masu riɗi, ya tarar da kwaɗo a ƙofa. Maƙwabcin rumfar Yaya, wani dattijo mai fara'a, ya shimfiɗa masa tabarma, ya sa aka kawo fura. Kafin la'asar an loda riɗin dattijon a mota.

Ni na kai wa Yaya labari, ina fargabar yadda zai ɗauka. Ya gyara hula, sai fuskarsa ta washe.

"Ka gani ko? Kai da kake shakka! Intanet ta kawo ciniki Azare."

"Yaya, ai ba kai ka sayar ba."

"Kai malamin makaranta ne, ba ka san harkar kasuwa ba."

Dillalin ya ci gaba da zuwa shekara da shekaru, kullum wurin dattijon. Shi kuma dattijon bai taɓa saka ƙafa a shagon Oga ba, amma duk ranar da ya ga Yaya ya daɗe zaune a rumfa, sai ya leƙo cikin ladabi ya ce, "Alhaji, lafiya kuwa? Yau ba a zuwa ofis ne?"