Injin Gem ɗin Malam Ɗanliti

Wata rana Malam Ɗanliti ya dawo gida daga asibiti, bayan kwana tara yana jinya. Yana shiga zaure ya tsaya cak.

Kusurwar nan ta hagu wayam. Sai shatin ƙafafu huɗu a kan siminti.

Shekara arba'in da wani abu injin nan yana tare da shi. Injin gem ne irin na da, tsayinsa ya kai mutum, kamar kabad mai talabijin a ƙirji. Ka jefa sule, ɗan ƙwallo ya fito yana tsalle, kai kuma kana murɗa sanda hagu da dama kana tare shi, yana komawa sama yana farfasa bulo jeri-jeri.

Yana saurayi ya sayar da kekensa da rediyonsa ya saye shi hannun wani Kwara ɗan Labanan. Ya kafa shi a bakin silima a Tudun Wadar Kaduna. Samari har layi suke yi. Da shi ya yi aure, da shi ya yi ginin da suke ciki.

Zamani ya juya, silima ta mutu, injin ma ya daina kawo wuta. Bai yar da shi ba. Duk Juma'a sai ya goge shi, yana cewa saura waya ɗaya ya samo, zai tashi. Burinsa jikokinsa su buga ko sau ɗaya ne.

Ya kira babban ɗansa, Jazuli, wanda ya gyara gidan don masu zuwa dubiya.

"Jazuli, ina injina?"

"Baba, ai bola ce. Na ba 'yan gwangwan, wurin ya sha iska."

"Bolar nan ce ta kai ka jami'a."



Ko zama dattijon bai yi ba. Da sandarsa, da filastar allura a bayan hannu, ya tari Keke Napep zuwa inda ake tara gwangwan.

Ya makara.

Sun fasa gilashin, sun zare wayoyin tagulla, katakon kuma mai shayin wurin ya hura wuta da shi. Ya tsaya yana kallo, har wani daga cikinsu ya ce, "Baba, matsa kada ƙusa ta soke ka."

Ya dawo gida. Bai yi faɗa ba, bai yi baki ba. Da ma ya yi faɗan, da ya fi wa Jazuli sauƙi.

Bayan kwana biyu Jazuli ya kawo masa sabuwar wayar hannu, ya sa masa gem ɗin fasa bulo a ciki, mai launi, mai kiɗa. Ya durƙusa ya ba da haƙuri.

Malam Ɗanliti ya ce Allah ya yi albarka, ya tura wayar ƙarƙashin filo.

Wata bakwai ya ƙara a duniya. Ko sau ɗaya bai kunna ta ba.

Darasi: Kafin ka kira kayan tsoho shara, tambaye shi labarinsu. Tambaya ba ta cin minti biyu, amma wata ɓarnar ko ka durƙusa ba ta gyaruwa.

In akwai dattijo a gidanku, tura wa 'yan'uwanka wannan tun kafin su ɗauki tsintsiya.