Injin Hertha Mai Sheƙi

Hertha Fiedler ta shiga masaƙar garinmu tun tana budurwa, kuma abu ɗaya aka san ta da shi: tsabta. Al'adar masaƙar ce duk Asabar, kafin a tashi, kowace mace ta goge injinta ta sa masa mai. Wasu a gurguje suke yi. Ita Hertha har ƙarƙashin inji take shiga da tsumma. Ko makon da aka ce mijinta ya mutu a yaƙi ba ta fasa ba.

Da Jamus ta faɗi, Rashawa suka zo karɓar diyyar ɓarnar da namu suka yi musu, kuma ɓarnar ba kaɗan ba ce. Ƙarfe suke ɗauka. Sun cire layin dogo ɗaya cikin biyu, sun kwashe masana'antar garin da ke gaba da mu har da ƙofofi. Amma aka ji cewa tsohon inji ba sa wahalar da kansu a kansa.

Sai Baba Seifert, shugaban ma'aikata, ya tara mata ya ce, "Ku kwaɓa toka da baƙin mai ku shafe kowane inji. Ina so su zama kamar kakata, ko kyauta ba mai ɗauka."

"Kai ma a shafa maka, Baba?" in ji Lotte, mai injin kusa da na Hertha.

"Ni na daɗe da yin tsatsa, 'yar nan. Yi aikinki."

Hertha ta shafe nata kamar kowa. Sai dai Asabar ta riga Rashawa zuwa. Aka watse, ta tsaya tana kallon injin, hannunta na ƙaiƙayi. Ta ce bari ta goge inda hannu ke taɓawa kawai. Daga nan sai gefe, sai ƙasa. Tana dawowa hayyacinta inji na sheƙi, ga mai gadi yana kaɗa makulli. Ta ce Litinin za ta sake shafe shi.

Litinin ɗin kafin ta ajiye jaka hafsan Rasha ya shigo da tafinta. Yana tafe yana hamma, har ya iso kan injin Hertha. Ya dube shi, ya dubi na Lotte, ya sa babban yatsa ya kankare tokar. Ƙarfe lafiyayye ya fito.

Bai yi faɗa ba. Cewa ya yi, "Wannan matar ta iya riƙon kaya. Ita za ta naɗe su duka, kada su yi tsatsa a hanya."

Haka kuwa aka yi. Da hannunta ta sa wa kowane inji mai, ta naɗe shi, aka loda a jirgin ƙasa.

Ranar da taragon ƙarshe ya tashi, Lotte ta ce mata, "Sannu da aiki, sarauniyar tsumma. Zo ki leƙa cikin 'ya'yana, shi ma fes yake."

Wasu sun ce ko ba Hertha ba da an gano. Wataƙila. Ita dai ba ta taɓa kama wannan uzurin ba. Duk hunturun nan rabin burodinta a ƙofar Lotte take ajiye shi. Lotte na ɗauka, gaisuwa kuwa babu.

Ta ƙarasa rayuwarta tana wanki a asibiti, ta tsufa a ɗaki ɗaya mai tsabta. Amma ranar Asabar ba ta taɓa tsumma. Zama take yi a kan hannuwanta har rana ta faɗi.