Ranar da na kasa tashi daga kujerar bincikena

Assalamu alaikum ƴan uwa da abokai. Wata goma sha huɗu rabona da rubutu a nan. Wasu sun ce aure na yi, wasu sun ce Turai na tafi. Ko ɗaya babu. Jinya na yi.

Ga wanda bai san ni ba, ni ƴar Filinge ce, ina karatun dokta a jami'a a Yamai. Bincikena a kan tsokar jiki ne: yadda aiki ke gina ta, da yadda take zubewa in mutum ya manyanta. Ina bin ƙauyukan Kurfai ina auna tsofaffi. Su matsa wata ƴar na'ura da hannu, sannan su tashi daga kujera sau biyar ba dafawa.

A garin Damana abin ya bayyana. Na zauna in nuna wa mata yadda ake yi, na yunƙura, cinyoyina suka ƙi. Sai da na dafa.

Wata tsohuwa da ta gama nata ko nishi babu ta dube ni ta ce, "Ɗiyata, ke da kinka zo awonmu, wa ka awonki?"

Muka yi dariya. Na matsa na'urar, ƙarfin hannuna lafiya lau, sai na ce gajiyar hanya ce. Alhali na karanta cewa akwai ciwon da ke fara cin cinya da kafaɗa, ya ƙyale yatsu. Na san shi a takarda, ban yarda da shi a jikina ba.

Bayan wata biyu Inna ce ke ɗaura mini ɗankwali, don hannuna ba ya kaiwa kaina. Salla a zaune. Dangi suka ce sammu ne, hassadar karatu. Na sha rubutu, ban yi musu ba.

Ranar da hura ta sarƙe ni ta fito ta hanci, na ji tsoro na gaske. Na san haɗiya ma aikin tsoka ce, numfashi ma haka. Na gaya wa Baba. Ya ce, "To mi muke jira? A nemo mota."

A asibiti a Yamai aka ɗibi jini. Akwai wani sinadari da tsoka ke zubarwa cikin jini in tana lalacewa. Nawa ya hau ƙwarai. Aka soka mini siraran allurai a cinya da kafaɗa ana sauraron wutar tsoka, sannan aka yanki ɗan nama a cinyata, bai kai ƙwayar gujiya ba. Gwaje-gwajen nan da tsada. Baba ya kai bijiminsa kasuwar Baleyara, kuma har yau bai taɓa tada zancen ba.

Mako uku muna jira. Likitan ya ce, "Miyozit ce. Garkuwar jikinki ce ke yaƙar tsokarki. Tana jin magani, amma ba ta son gaggawa."

Na roƙi a bar ni in ga naman da idona. Malamina, mai kula da bincikena, ya tura ni a keken marasa lafiya har gaban madubin ƙara girma na ɗakin gwaji.

Lafiyayyar tsoka a madubi jere take kamar saƙar zuma. Tawa ta wargaje, ƙwayoyin kumburi sun yanyame ta kamar tururuwa. Na ɗaga kai ina hawaye.

Malam ya ce, "Ki sake dubawa, can gefen hagu. Waɗannan ƙananan fa?"

Sabbin zaruruwa ne. Tsokar tana gyara kanta tun ba a ba ta magani ba. Daga ranar ban sake shakkar zan tashi ba.

Maganin ya kumbura mini fuska, sukarina ya hau, har aka ƙara wani maganin aka rage na farko. Da jinin ya daidaita aka haɗa ni da kine, mai koyar da motsa jiki, muka koma gida da takardar abin da zan yi kullum.

Nan muka yi ta fama da Inna. Ita so take in kwanta. Na ce, "Inna, kwanciya ma cin tsoka take yi." Ta ce, "Ban ga majinyacin da ka ɗaukar buta ba sai ke." Da butar wofi na fara, sai rabi, sai cikakkiya. Inna na gunaguni, tana dafa mini wake da ƙwai, tana aiken nono wurin Fulani.

Sau ɗaya na yi zari, na ninka aikin, na kwanta kwana uku. Da na kira kine ta ce, "Malama, ilimi gare ki, haƙuri ne babu." Na karɓa.

Wata tara bayan fara magani, wata Juma'a da la'asar, na kai goshina ƙasa na yi sujada, na miƙe da ƙafafuna. Inna na bakin ƙofa. Ta shiga ɗaki ta ɗebo gero ta raba wa maƙwabta.

Har yanzu ina shan magani, ana duba jinina. Ciwon na iya motsawa, na sani, kuma na san alamunsa.

Na gode wa Allah. Na gode wa iyayena, da likitoci, da Malam, da ku da ba ku gaji da tambaya ba.

Shawarata: in tashi daga tabarma ya fara yi maka wuya, ko ɗaga hannu sama, kuma abin na ƙaruwa mako bayan mako, ka je a duba jininka. In haɗiya ta shiga, kada ka bari sai gobe. Kada ka yanke magani don fuska ta kumbura, kada kuma ka fara motsa jiki sai da izinin likita. Masu jinya, ku bar mara lafiya ya yi abin da zai iya da kansa.

Ranar Litinin zan koma aiki, saura ƙauye shida in gama. Wanda ya gan ni a tashar Filinge da jaka a kafaɗa, don Allah kada ya karɓa mini. Ni zan ɗauki abata.