Makiyayin da Shanunsa Suka San Muryarsa

Ni dai hutu ba ya karɓata. A Yamai ina koyar da ɗalibai fiɗar wuya da maƙogwaro, in na gudo Diffa don in miƙe ƙafa, sai in tarar an riga ni zauren gidanmu. Mahaifina ɗan kasuwa ne, bakinsa ba ya riƙe magana, duk wanda ya shigo kantinsa sai ya ji ɗansa likita ya iso. Haka zan zauna ina taɓa wuyan mutane, shayina yana hucewa.

A irin wannan zama aka kawo mini wani dattijo makiyayi daga wajen Tumur, shi da ƙanensa. Muryarsa ta dishe, in ya haɗiyi yawu sai ya runtse ido. Washegari na duba shi a asibiti, na ga abin da nake tsoro. Ciwon daji ne a maƙogwaro, amma bai yaɗu ba. Na gaya masa ya biyo ni Yamai in cire maƙogwaron, zai rayu insha Allahu, sai dai murya ta tafi ke nan.

Bai tambaye ni ko da zafi ba. Cewa ya yi shanunsa muryarsa kaɗai suka sani. In aka yi harbi a bakin kogin Komadugu suka watse, ba mai tara su sai shi. Ya roƙi in ba shi damina ɗaya ya saba musu da kiran ƙanensa.

Wallahi raina ya ɓaci. Na yi faɗa, na zana masa ciwon a takarda, na ce wannan abu ba ya jiran damina. Ya saurare ni tsaf kamar mai jin wa'azi, ya yi godiya, ya sa takalmansa. Na gaji da irin wannan godiya, ita na fi tsana a aikin nan.

Da kaka na sake zuwa gida, sai ga su. Ya rame, maganarsa ta koma raɗa. Ƙanen ya ce shanu sun fara amsa masa, har wata jar saniya mai taurin kai. Dattijon ya kwance rawani, ya ɗaga haɓa.

“Yanzu ka cire, likita.”

Na sa hannu. Wuyan ya yi tauri ta ko'ina, ƙulli ya kai har ƙasan kunne. Na gaya masa gaskiya, lokacin fiɗa ya wuce, sai maganin rage zafi.

Ya naɗa rawaninsa. Sannan ya matso kusa da kunnena, ya tambaya ko ɗan abin da ya rage na muryar zai kai shi gida, ya kira shanun ko sau ɗaya ne.

Na ce, “Baba, ku kama motar yau, kada ku jira ta gobe.”