Cibiyoyin da Yaya Bai Fasa Ba

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Talata, tara ga watan Afrilu, da hantsi, Allah Ya karɓi ran yayana, mai gyaran keke, wanda 'yan layinmu suke kira Mai Kunne. A kan bencinsa ya ce kansa na juyawa, ya jingina da bango, kafin mota ta zo ya cika. Hannunsa duk giris ne, sai da muka sa kananzir muka wanke.

Yaya, tun ranar na kasa zama wuri guda. In na shiga shago sai in fito, in na fito sai in ga babu inda za ni. Shi ya sa na zauna rubuta wannan, ko zuciyata za ta ɗan lafa.

Shagonmu ɗaya, amma aikinmu ya rabu tun muna samari. Faci da birki da sarƙa nawa ne. Cibiyar wili, wato ƙarfen tsakiyar da taya ke juyawa a kansa, wannan taka ce, ba wanda ke taɓawa. Kana yi mini tsiya kana cewa ni iska nake sayarwa, kai kuma ƙarfe. In aka sauke buhun cibiyoyi na gwanjo, kana zazzage shi a ƙasa ka tsuguna kamar mai tsince wake. Daga ganin kaurin baki da yadda aka huda ramukan wayoyin wili kana faɗin irin keken da aka ciro ta, na tsere ne ko na dako. Sai ka kwance, ka zuba boris, ƙananan ƙwallayen ƙarfen da ke cikinta, a murfin gwangwani, ka wanke, ka bi cikin kofin da suke zama da farcenka ko za ka ji rami. Ba ka taɓa haɗa tsohon boris da sabo ba. Wajen ɗaurewa kuma kana cewa a bar mata wurin numfashi, in an matse za ta ci kanta, in an sake za ta yi rawa.

Mutane nawa suka zo da niyyar sayen cibiya ka hana su? Na tuna mai kai burodi da ya shigo a fusace, wilinsa na gurnani, yana cewa a cire a jefar. Ka ɗaga wilin ka juya shi sau ɗaya, ka ce, "Malam, ƙishirwa take ji, ba ciwo ba." Ka wanke ka cika ta da giris, ka sallame shi. Na yi ta mita cewa ka kori ciniki da hannunka, kai kuwa ko ɗago kai ba ka yi ba.

Amma abin da ya jawo maka sunan Mai Kunne daban ne. Akwai cibiyar da take ƙyalli, tana juyawa lafiya lau, alhali tana da tsaga siririya a inda wayoyi suke kamawa, wadda ido ba ya gani. Irin wannan tana iya ɗaukar mutum wata da watanni, ranar da ya ɗora kaya ya biyo gangara sai ta buɗe. Kai kana rataye kowace da zare, ka ƙwanƙwasa ta da ƙaramin sifana, ka karkata kai. Mai lafiya tana amsawa da dogon amo, mai tsaga muryarta na mutuwa da wuri. Haka kake faɗa. Ni dai na saurara har na gaji, duk ɗaya suke a kunnena. Waɗanda suka faɗi gwajin kana ware su gefe, in ka gama buhun ka bi su da guduma ɗaya bayan ɗaya. Mai sayen ƙarafa ya sha roƙonka ka bar masa su da kyansu, ka ce masa, "Ƙarfe kake saye ko ƙafar ɗan mutane? Ɗauki a fashe."

To, Yaya, ga abin da ya hana ni sukuni. Safiyar da ka rasu ka gama tantance sabon buhu. Tsibi biyu ka yi a ƙasa, masu lafiya kusa da ƙofa, masu tsaga kusa da bango, guduma na ajiye a gefensu ba ka kai ga ɗauka ba. Da muka dawo daga maƙabarta jama'a sun yi yawa, gida bai ɗauke su ba, sai maƙwabta suka buɗe shago don a sami wurin zama. Saboda ƙaunarka suka share, suka goge, suka kwashe tsibin nan biyu suka zuba a babban baho guda. Ba laifinsu ba ne. Su a wurinsu ƙarfe ƙarfe ne.

Kuma a jikin ƙusa wilin Tela yana rataye, babu cibiya. Ka san ta, matar nan mai ɗinki da ƙafafunta suka shanye tun tana yarinya, wadda take tuƙa kekenta mai ƙafa uku da hannu. Kullum sai ta sauko gangaren bayan kasuwa kafin ta isa shagonta. Kai ka cire mata tsohuwar cibiyar da ta cinye, ka yi alkawarin zaɓa mata mai kyau daga buhun nan. Tun ranar tana gida a zaune, ɗinkunan mutane na jibge. Ta aiko ƙanwarta ta yi gaisuwa, ba ta ko ambaci keken ba, wannan kawaicin nata kuwa ya fi damuna fiye da a ce ta yi faɗa.

Na zazzage bahon nan ban san adadi ba. Na rataye, na ƙwanƙwasa, na karkata kai yadda kake yi, har wuyana ya ƙage. Wadda na ce tana da amo da safe, da yamma sai in ji kamar ta mutu. Na kai wa masu gyara biyu a wata unguwa, kowa ya juya a hannu ya ce ai duk suna da kyau. Sababbin da ke kanti kuwa ramukansu ba su dace da wilinta ba. Na ɗauki wata na fara saka wayoyi, na kai rabi, sai gangaren nan ya faɗo mini a rai, na kwance.

Jiya da safe na shiga gaishe da matarka. A soro na ga kekenka jingine inda ka bar shi, ta lulluɓe shi da zane don kada ƙura ta hau. Nan na tsaya cak. A duk garin nan, cibiyar da na tabbata kunnenka ya amince da ita, ita ce wadda kai da kanka kake hawa. Na daɗe ina kame-kame kafin na iya faɗa mata ina son cire cibiyar don Tela, don na san da keken nan take ɗebe kewa. Ta yaye zanen da hannunta.

"Ɗauka, ƙanina," ta ce. "Da yana nan, da tuni ya kwance ta."

Na kwance wilinka waya bayan waya, ina yi ina share ido da gefen riga. Girman cibiyar ya dace, na ɗaura ta a wilin Tela. Yau aka kawo Tela aka ɗora ta a kan kekenta, na bi ta a ƙasa har bakin gangaren, na tsaya ina kallo. Ta sauka lafiya, ta ɗago mini hannu daga ƙasa. Kekenka yanzu yana soro a kife, ƙafa ɗaya, bahon kuma yana ƙarƙashin benci, na kasa sayarwa, na kasa fasawa.

Allah Ya jiƙan ka, Yaya, Ya yafe maka kurakuranka, Ya haskaka kabarinka. Ƙafafun bayinSa da ka tsare ba tare da sun sani ba, Allah Ya sa su a mizaninka, Ya tsare taka ƙafar ranar ƙetare siraɗi. Ina miƙa ta'aziyyata ga matarka da 'ya'yanka da 'yan'uwanmu mata, da duk wanda ke hawa wilin da ya bi ta hannunka. Allah Ya ba mu haƙurin rashinka, ni ma a sa ni a addu'a, don gobe zan buɗe shago ni kaɗai.